Sitika a Kan Noti na Huɗu

Injin fotokwafin ya yi sati bakwai yana aiki lafiya lau, a na takwas ya fara cin takarda. In an saka masa fara tas, sai ya ja ta cikin ladabi, ya yi ɗan gurnani, ya tsaya da ita rabi a ciki rabi a waje. In an yi sa'a an zaro ta ba ta yage ba, ta fito ke nan a tamuke, da baƙin layi tun daga sama har ƙasa.

Mai injin, Sakatariya mutanen layin suke ce mata, ko da yake ba ta taɓa yi wa kowa sakatariya ba. Rumfar haya ce da ita a jikin katangar wasu ofisoshi, tebur ɗaya, benci ɗaya, tsohuwar kwamfuta da firinta. Aikinta buga wa mutane takardu, ta neman aiki ce, ta ƙorafi ce, ta ban haƙuri ce. Shekara tara tana buga kukan jama'a, har ta kai mutum na buɗe baki ta san abin da zai faɗa a ƙarshen shafi. Abin da ke ci mata rai shi ne kowa ya karɓi takardarsa sai ya tambayi inda ake fotokwafi, ita kuma ta nuna masa tsallaken titi da bakin biro. Shekara uku ta yi tana matse bakin aljihu kafin ta sayi nata, sabo dal a kwali, daga wani babban kanti mai ƙofar gilashi, da rasit da katin garanti na shekara guda. Injin nan ne ma ya hana mai rumfar ba wa wani wurin, don ya daɗe yana yi mata zancen wani mutum mai injuna biyu da ya ɗora ido a kan rumfar.

Da ta buga wa kantin waya, aka ce ta kawo shi ranar Litinin. Wannan kuwa Juma'a ce da yamma, kuma makullin rumfar ba wanda za a bar wa amanar inji har kwana uku ba ne. Sai ta ɗauki shatar mota ta kai shi gida, ta ajiye a falo ta rufe da zane. Kuskurenta ke nan. In wani ya yi shi a yi masa uzuri, ban da ita, don ta san gidan da ta fito.

Mahaifinta shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyara. Rediyo, fanka, dutsen guga, agogon bango, tafireta, duk abin da ke da noti a jikinsa ya bi ta hannunsa. Injiniya ake ce masa, ba don takarda ba, don bai taɓa shiga ajin koyon aikin ba, a gindin teburin wani ya koya. Shekara huɗu ke nan da ya rufe shago, tun da mutane suka koyi jefar da abu su sayi wani, amma maƙwabta na ɗan kawo masa abin da ya samu, shi kuma da aikin yake ƙirga kwanakin mako. A gidan nan abu bai taɓa lalacewa ya kwana a rufe ba. Marigayiya mahaifiyarta har ɓoye tocila take yi in haskenta ya fara dusashewa, don ta san in ya gani, sai tocilar ta kwana biyu a baje a kan tebur suna laluben hanya.

Da safiyar Asabar, kafin ta fita, ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, don Allah kar ka taɓa shi. Nasu ne su duba."

Ya ce, "To, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Duk wanda ya zauna da tsoho ya san irin wannan to ɗin. Ita ma ta san shi sarai, amma ta makara, ga mutum biyu can na jiranta da takardu.

Ta dawo bayan la'asar ta tarar da injin a rufe, an goge shi har yana sheƙi, Baba na zaune kusa da shi, fuskar nan kamar wanda aka yi wa albishir. A kan tebur ga farin ƙyallen da yake shimfiɗawa in zai yi aiki, ga sukudireba uku a jere, ga wani guntun takarda da ya yi rawaya an danne shi da murfin kwalba. Tun daga bakin ƙofa ta gane an buɗe shi.

Bai gyara komai ba, in ji shi, dubawa kawai ya yi. Noti takwas ya kwance, ya jera su a kan ƙyalle yadda ya cire su, ya mayar da kowanne gidansa. Amma abin da ya gani a ciki ya ishe shi. Robar da ke jan takarda ta cinye har ta yi santsi, irin cin da sai an yi shekaru ana murzawa. Garin tawada ya daskare a lungun da tsumma ba ya kaiwa. Can bayan wani ƙarfe kuma ga wannan guntun takarda a maƙale, ragowar sanarwar taron wani ofis, da kwanan wata na shekara uku da suka wuce.

"Kwalin ne saurayi," ya ce. "Injin bazawari ne. Wanka aka yi masa aka kawo miki."

Ita ba wannan take dubawa ba. Ta durƙusa ta leƙa bayan injin. A kan noti na huɗu akwai wata 'yar sitika mai ƙyalli, ba ta fi farce ba, da ƙananan rubutu a jiki. Baba ya ɗauka tambarin farashi ne, ya sa reza ya raba ta biyu tsaf, don ba ya son aikin ƙazanta. Rubutun kuwa, wanda tabarau ɗinsa ba sa iya kamawa, cewa yake yi in an yaga ta garanti ya mutu.

Ta daɗe a durƙushe. Ta so ta yi faɗa, faɗan ya zo mata har wuya, amma ta ɗago ta ga yadda yake murna, rabonta da ganinsa haka tun yana da shago. Sai ta haɗiye, ta ce bari ta ɗora abinci.

Ranar Litinin ta kai injin kantin. Manajan mutum ne mai fara'a, irin waɗanda ke yi maka sannu da zuwa da murya ɗaya, ko saye ka zo yi ko kuka. Bai ko kunna injin ba. Ya zagaya bayansa kai tsaye, ya shafa sitikar da babban yatsa, ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce wallahi abin bai yi masa daɗi ba, da ba a buɗe ba da yau ɗin nan za su duba. Ta fito da guntun takardar daga cikin ambulan, ta faɗi abin da Baba ya gani. Ya karɓa ya juya gaba da baya, ya tambaye ta wa ya ga lokacin da guntun ya fito daga cikin injin. Ta ce mahaifinta. Ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma takarda irin wannan ko a kwandon shara ana samu, kuma tun da an buɗe, wa ya san abin da aka cire da abin da aka saka. Ya sa ma'aikatansa suka ɗora mata injin a mota, har da ɗaga mata hannu.

Mai hoto, maƙwabcin rumfarta da ke ɗaukar hoton fasfo, shi ya tuna mata da ofishin kare haƙƙin masu saye. Ya ce ita da ta buga wa rabin garin nan takardar kai kuka can, yau ga ranarta ta zo, kuma ta yi sa'a ba za ta biya kuɗin bugawa ba. Gaskiya ne, adireshin ofishin a ka yake wurinta. Amma ba ta taɓa taka matakalarsa ba, ba ta kuma taɓa tambayar ko ɗaya daga waɗanda ta buga wa takarda yadda suka ƙare ba.

Ofishin a hawa na uku yake, na'urar hawa benen kuma ta daɗe da rasuwa. A baranda akwai benci biyu da mutane a jere, kowa rungume da abin da ya cuce shi. Wani da butar lantarki, wata da wayar da batirinta ya kumbura, wani dattijo da takardun inshora da ya sa wa hannu bai karanta ba, yana ta karanta su yanzu da ba su da amfanin karantawa. A bango an manna wata babbar takarda mai launi da ke lissafa haƙƙoƙin mai saye, har guda bakwai. Sakatariya ta haddace su tun ranar farko, don ba abin kallo sai su.

Zuwan farko an ba ta fom. A na biyu aka ce ta kawo kwafi uku na rasit da na katin garanti, kuma injin ofishin ya lalace, sai dai ta tsallaka titi. Ta bi layi ta biya wani ya yi mata fotokwafin rasit ɗin injin fotokwafinta, ba ta ma sami ƙarfin yin dariya ba. A na uku mai hatimi ya tafi ta'aziyya. A na huɗu aka buɗe mata fayil aka ba ta lamba. Kowane zuwa yini guda ne rumfa a rufe, masu takardu kuwa ba sa jira. Mai rumfar ya leƙo sau biyu, ya dai tsaya yana kallon gurbin da injin ya bari a kan tebur. A leƙowa ta uku ya ce mata ƙarshen wata mai zuwa zai yanke shawara.

A gida kuwa Baba ya mayar da shari'ar tasa. Kullum ta dawo sai ya tambayi ko sun nemi ganinsa. Ya zana robar a bayan kalanda, ya nuna da jan biro inda ta cinye. Ya sa an wanke masa rigarsa ta fita unguwa, an goge an rataye. Ya ce in an kira shi, minti biyar sun ishe shi ya nuna wa kowane mai takarda abin da ke ciki. Ita dai sai ta ce to, irin nasa.

A zuwa na biyar aka haɗa ta da manajan a gaban matar da ke tebur na uku. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, tabarau rataye a wuya da igiya, fayiloli sun kai mata kafaɗa ta kowane gefe. Ba muguwa ba ce, kuma ba ta ci na kowa ba, gajiya ce kawai ta sami wurin zama a fuskarta. Ta karanta fayil ɗin duka, abin da Sakatariya ba ta zata ba. Ta saurari manajan, ta saurare ta, sannan ta ce manajan ya ɗan ba su wuri.

Ta ce doka a fili take. Wanda ya sayar da tsohon kaya da sunan sabo ya yi yaudara, zai mayar da kuɗi har da tara, da sitika ko ba sitika. Ta ce ita a ranta ta yarda da Baba, don wannan ne fayil na uku da ta gani a kan irin injin nan. Amma yarda ba ta shiga fayil. Sai injiniya mai rajista ya duba ya rubuta rahoto, ofishin kuwa injiniya ɗaya gare shi, layinsa ya kai wata goma sha huɗu. Duk tsawon lokacin injin zai zauna a sitonsu a matsayin shaida. Bayan nan kwamiti ya zauna, kantin kuma na da damar ɗaukaka ƙara.

"Wata goma sha huɗu," in ji Sakatariya.

"In bai tafi hutu ba."

Sannan ta faɗi hanya ta biyu, tana kallon biron hannunta. Akwai sulhu. Ƙa'idar garantin ta ce in mai gyara na waje ya buɗe inji, magana ta ƙare. Amma in wani ɗan gida ne ya buɗe bisa kuskure, wanda bai san aikin ba, kantin na iya yin alfarma ya canza, kuma manajan ya ce a shirye yake ya ba da wani injin cikin sati guda. Sharaɗi ɗaya ne. Wanda ya buɗe zai sa hannu a kan takardar da ke cewa shi ba mai gyara ba ne, ba shi da ilimin na'ura, kuma bai ga komai a ciki ba. Ta zaro samfurin takardar daga aljihun tebur ta miƙa mata. Gefen takardar har ya yi laushi don yawan hannu.

"'Yar'uwa, ba zan ce miki ga wadda za ki bi ba," ta ce. "In kin bi ta farko ni zan ji daɗi, don fayil uku sun fi biyu nauyi. Amma ni wata na ƙarewa za a biya ni, ko an yi ko ba a yi ba. Ke kuwa sai kin buɗe rumfa."

Sakatariya ta koma ta buga takardar da kanta, don wa za ta ba? Ta yi wa mutane irin wannan ba adadi, ta san yadda ake tausasa magana har mai laifi ya fito tas. Inda aka ce ba mai gyara ba ne ta sa ya daina gyara. Inda aka ce ba shi da ilimi ta sa bai saba da irin wannan injin ba. Layin ƙarshe ta share shi gaba ɗaya. Washegari ta sake hawa benen. Matar tebur na uku ta karanta ta girgiza kai, ta ce lauyan kantin ba zai karɓa ba, ko kalma ɗaya aka canza sai ya dawo da ita, an sha gwadawa kafin ita. Ta koma ta sake bugawa yadda suke so, layi biyar, ta ninke ta saka a jaka.

Kwana huɗu takardar na cikin jakar. Ta yi tunanin ta sa hannun da kanta, don ta san sa hannun Baba tun tana kai masa katin jarrabawa, amma an ce sai ya zo da katin shaida ya sa a gabansu. Ta yi tunanin ta ce masa takardar karɓar inji ce, ta rufe rubutun da tafin hannu, sai ta tuna Baba ko takardar magani sai ya bi ta har ƙasa, balle yanzu da sitika ta koya masa hankali. Ta buga wa yayanta waya, wanda ke aiki a wani gari. Ya ce takarda ce fa kawai, wa zai karanta, ta lallaɓa tsohon ya sa hannu a wuce wurin. Ta ce to ya zo ya lallaɓa shi da kansa. Nan take ya daina jin ta sosai, wai layin ba kyau.

Ta ji haushin Baba a kwanakin nan, haushi na gaske, ta kuma ji kunyar haushin. Da ya bar injin yadda ta ce, da sun canza robar sun dawo mata da shi, tana can tana aikinta da tsohon inji ba ta sani ba, hankalinta kwance. Shi ya gano gaskiya, gaskiyar kuma ita ta rufe mata rumfa. In ta tuna wannan sai ta ji ta gaji har cikin ƙashi, ta rasa wanda za ta yi wa fushin.

A rana ta biyar da hantsi, ta ga mutumin nan mai injuna biyu a bakin rumfarta tare da mai rumfar, yana auna faɗin ƙofa da taku. Ta rufe da wuri ta koma gida.

Baba na tsakar gida ya baje dutsen gugar wata maƙwabciya a kan farin ƙyallensa. Ta jawo kujera ta zauna, ta faɗa masa komai ba ta rage ba, wata goma sha huɗu, sito, kwamiti, mai auna ƙofa. Sannan ta ciro takardar ta ajiye a gefen ƙyallen. Ya goge hannu, ya gyara tabarau, ya karanta. Layi biyar ne, amma ya daɗe a kansu. Ita ta zuba wa notunan dutsen gugar ido.

"Ke kika buga?"

"Ni ce, Baba."

"Ta yi tsafta." Ya sake dubawa. "Su sun san ƙarya ce?"

"Kowa ya sani. Har matar ofishin ta ce ta yarda da kai."

"To me za su yi da ita?"

"Ajiyewa za su yi a fayil."

Can ya tambaya, in ya ƙi fa? Ta ce sai su jira, Allah na nan, za ta nemi wani wurin. Da ƙarfin hali ta faɗa, amma muryar ta ba ta kunya a tsakiya. Ya dube ta ta saman tabarau, irin duban da yake yi wa rediyo in yana neman inda waya ta tsinke. Ya ce shi ya yanka sitikar, ba wani ba. Ya ninke takardar ya miƙa mata, ya tambaya gobe da ƙarfe nawa. Daga nan ya koma kan dutsen gugar, ya haɗa shi tsaf, ya gwada ya ga ya yi zafi, ya kai wa mai shi da kansa.

Washegari ya sa rigar nan da aka goge. Kafin su kai hawa na uku ya tsaya hutawa sau huɗu. A baranda dattijon mai inshora ya matsa masa wuri, suka gaisa har da tambayar iyali. Da aka kira su, matar tebur na uku ta miƙe tsaye ta gaishe shi, manajan ma ya rusuna ya ce Baba an zo lafiya. Baba ya amsa wa kowa. Ya ajiye katin shaidarsa. Matar ta ɗauka ta duba, a layin sana'a an rubuta mai gyaran na'ura, ta kife katin a kan tebur.

Aka ce ƙa'ida sai an karanta masa a bayyane, a tambaye shi ko ya fahimta. Matar ta karanta da sauri da ƙaramar murya, kamar mai haɗiye magani. Ya ce ya fahimta. Manajan ya miƙo biro, ya ce a'a, yana da nasa. Ya ciro shi ya sa hannu. Aka buga hatimi. Manajan ya nemi a ba shi guntun takardar nan mai kwanan wata don a rufe magana, aka ba shi. Duka abin bai kai minti goma ba.

Da suka sauko ya ce ta wuce rumfa kar ta rasa masu zuwa, shi ya san hanyar gida.

Kantin dai ya cika alkawari. Kwana shida aka sauke mata wani injin a rumfa, a kwali, da sitikarsa mai ƙyalli. Ko sabo ne ko an yi masa wanka ne, ba ta sani ba, ba ta kuma da niyyar sani. Ya ja takarda ya fitar da ita fes. Mai hoto ya kawo katinsa a yi masa na gwaji kyauta, yana cewa ashe doka na aiki. Mai rumfar ya leƙo ya ga layi ya wuce yana murmushi, ba a sake jin zancen mai injuna biyu ba. Ta yi aiki har yamma ba ta zauna ba, kuma ta ji daɗi, ba sai an ɓoye ba. Wata biyu rabonta da numfashi mai kyau.

Ta iso gida rana na shirin faɗuwa, da ledar lemo a hannu don Baba. A ƙofa ta tarar da wata maƙwabciya tsaye da fanka, Baba na zaune a kujerarsa, hannuwa a cinya. Matar na dariya tana cewa Injiniya ya daina wasa, zafi ya ishe su, kwana biyu fankar ba ta juyawa. Shi kuma yana kwatanta mata shagon wani mai gyara a bayan kasuwa, ya ce hannunsa na da kyau kuma ba ya tsawwalawa. Da ta ga da gaske yake, ta ɗauki fankarta ta tafi tana waiwaye.

Sakatariya ta ajiye ledar. Ta ce, "Baba, takarda ce fa kawai. Tana can cikin fayil, ba mai sake buɗe ta."

"Na sani."

"To me ya haɗa su da fankar mutane?"

Ya kalli hannuwansa.

"Tsawon raina ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba sai rannan, Uwata," ya ce. "Abu uku na ce. Biyu ba yadda zan yi da su, don na san aikin, kuma na ga abin da na gani. Amma na ce ni ba mai gyara ba ne. Wannan ɗayan ina iya mayar da shi gaskiya."

Ya ɗago ya dube ta, ba ko alamar fushi a fuskarsa, ya tambaya ko injin yana ja da kyau.

Ta ce yana ja.

Ya ce madalla. Ta zauna a bakin ƙofa ta ɗauki lemo ɗaya tana ɓare masa, idonta ya cika har ba ta ganin ɓawon.